Talabijin a kicin: wane iri, kuma a jikin wane bango?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema. Mun tare a sabon gida a nan Kano, kicin ɗin na cikin gida ne, mai tayil da taga ɗaya, kuma da gas nake girki. Abban Ilham ya amince a sa mini talabijin a ciki kafin azumi, don daga azahar har a sha ruwa a can nake wuni, tafsiri ya wuce ni, labarai su wuce ni. Akwai filasma mai inci 43 da muka cire daga falo, shi ya ce a kafa tunda yana ajiye. Ni kuma ina ganin ya yi wa wurin girma. Don Allah wadda ta taɓa sa talabijin a kicin ta faɗa mini gaskiya, yana daɗewa kuwa? Kuma inci nawa ya dace?

Ummu Sudais: Wa alaikumus salam. Mai inci 24 ne a nawa kuma ya ishe ni. Kada ki yarda da 43, faɗinsa ya kusa mita guda, ina za ki kai shi?

Hajiya Babba: 'Yata, ni dai ban goyi baya ba, kuma zan faɗa miki dalili. Girki ido yake so. Taura biyu ba ta taunuwa. Mai yana kan wuta, ke kuma idonki yana bango, ƙiftawar ido ya isa ya kama. Ba ƙonewar miya nake ji ba, wannan a sake wata, gobara nake ji da yaran da ke kai-kawo a ƙafarki. Mu rediyo muka sani. Ka rataye ta a ƙusa, kunnenka yana Kaduna ko Landan, hannunka da idonka suna kan tukunya. Tafsirin da kike magana ai ji ake yi, ba sai kin ga fuskar malam ba.

Ummu Sudais: Hajiya, Allah ya ƙara girma, maganarki gaskiya ce a kan suya. Amma aikin kicin ba duka a gaban wuta ake yin sa ba. Gyaran kayan miya, tsince shinkafa, surfa wake, naɗin samosa, wanke-wanke, su ne suke cinye lokacin. Mace ta yi awa huɗu ita kaɗai tsakanin bango huɗu, mutanen gida suna falo suna hira. In ta samu abin da zai ɗebe mata kewa, ban ga laifi ba. Kuma a yanzu in babu talabijin, waya ce a hannunta, ita kuwa ta fi ɗauke hankali, tunda sai an sunkuya an riƙe ta.

Hajiya Babba: Wayar ma ba yabon ta nake yi ba. Amma na ji ki.

Baban Walid: Salamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwa. Gyaran talabijin sana'ata ce, bari in faɗi abin da nake gani in na kwance su.

Maman Ilham, kafin maganar kamfani ko inci, fara duba bangon da za a kafa shi. Duk talabijin yana da ƙananan ramuka a bayansa, iska tana shiga ta ƙasa, ta ɗauki zafin cikin, ta fita ta sama. A falo iskar da ke shiga ƙura kawai take ɗauke da ita. A kicin kuwa tana tafe da maiƙo. In ana suyar ƙosai ko dankali, man da ke tashi ba ya ɓacewa, sauka yake yi a kan kaya. Shafa saman kabad ɗinki ki ji danƙon da ke wurin, irinsa ne yake kwanciya a kan allon wutar talabijin. Sai hunturu ya zo, ƙura ta manne a kan maiƙon, ramukan su toshe, zafi ya rasa hanyar fita. Daga nan sai ƙananan fitilun da ke haska fuskar daga baya su fara mutuwa. Shi ne za ki ji ana cewa magana tana fita amma babu hoto. Ko kuma ɓangaren da ke karɓar wuta ya gaji, a yi ta dannawa ya ƙi tashi.

Ki buɗe ɗan littafin da ke zuwa a kwali. Yawancinsu suna rubuta cewa an yi na'urar ta yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba. Mu kuwa a watan Afrilu zafin waje kaɗai yana haura 40 a Kano, balle kicin da aka kunna kan gas uku. Littafin LG ma ya yi gargaɗi ƙarara cewa kada a kafa shi a bangon da mai ko tururin mai zai riƙa samun sa, don yana iya lalata shi har ya faɗo.

Ban ce kada ki sa ba. Cewa na yi kada ya zama a saman gas, ko saman wurin wanke-wanke, ko inda tururin tukunya yake bi in zai fita taga. Bangon da ya fi nisa da wuta, shi ne wurinsa. Kuma tunda ko yaya aka yi ba zai kai na falo tsawon rai ba, kada a zuba masa kuɗi mai yawa.

Maman Ilham: Na gode Baban Walid, Allah ya saka da alheri. To mai 43 ɗin fa? Tunda ba saya za a yi ba.

Baban Walid: Ki bar shi a kai ɗakin yara ko a sayar. Babban allo a ƙaramin wuri wahalar ido ne, sai kin riƙa juya wuya. Ga shi ya fi fitar da zafi, ya fi jan wuta, kuma faɗin fuskar da za ki riƙa gogewa ya fi yawa. Mai inci 24 faɗinsa wajen santimita 55 ne, mai 32 kuma wajen 73. In tsakaninki da bangon bai wuce mita biyu ba, 24 ya isa. In kicin ɗin babba ne har da teburin cin abinci, sai a tafi 32.

Abu Fahad: Ni ban yarda da zancen a sayi mai araha ba. In za ka yi wa iyali abu, ka yi mai kyau. Na ce a ɗauki 4K, wato mai hoto mai kaifi sosai, mai intanet daga babban kamfani, Samsung ko LG ko Hisense, ta ga girke-girke a YouTube, hoto tangaran. Ƙananan nan masu sunaye barkatai wata shida sun mutu, a sake kashe wani kuɗin.

Baban Walid: Yallaɓai, rabin maganarka na karɓa. Kamfanin da aka sani, mai takardar garanti da ofishin gyara, wannan daidai ne. Amma 4K a kicin asarar kuɗi ce. Da wuya ma ka samu talabijin 4K a inci 24 ko 32, yawanci daga 43 suke farawa. Ƙananan suna zuwa ne da HD, wanda bai kai 4K kaifin hoto ba, kuma a wannan girman, daga nisan mita biyu, ido ba ya neman fiye da haka. Tashoshin da take son kallo su ma ba 4K suke watsawa ba. Kuma maiƙo bai san sunan kamfani ba, yadda yake shiga mai araha haka yake shiga mai tsada.

Abu Fahad: To intanet ɗin fa? Shi ma asara ne?

Anti Larai: Bari in amsa wannan, don ni ce mai koyar da girki a gidan nan. Koyon girki a talabijin da ke bango ba ya yiwuwa yadda kake zato, Abu Fahad. Mai koyo tsayarwa take yi, ta koma baya, ta sake jin cokali nawa aka ce. Da hannu duk fulawa za ta riƙa neman harafi ɗaya-ɗaya da rimot? Ga data, awa ɗaya ta YouTube da hoto mai kyau tana iya cin gig guda. Ɗalibaina waya nake ce musu su jingina a kan kanta, nesa da ruwa. Talabijin na labarai ne da wa'azi da shirye-shirye, abin da za ki kunna ki bar shi yana yi. In an samu mai intanet a farashi kusa da maras shi, a ɗauka, ba laifi. Amma ba shi ne abin dubawa na farko ba.

Abin dubawa na farko a wurina murya ce, kuma ba wanda ya ambace ta. Kicin wuri ne mai hayaniya. Mai yana ƙara, famfo yana zuba, injin markaɗe yana ruri, ga fanka. Ƙananan talabijin kuwa lasifikarsu ƙanana ce, kuma ƙasa ko baya take kallo. Da yawa in kin ƙure su sai muryar ta fara karkarwa, ki ji amo amma ba ki gane kalma ba. A shago ki ce a kunna miki tashar da mutum yake magana, ba kiɗa ba, a kai muryar sama, ki ja baya ki saurara. In kina gane maganar duk da hayaniyar kasuwa da janareta, to za ki ji ta a kicin.

Ummu Sudais: Wallahi Anti kin faɗi abin da yake. Ni sai da na haɗa nawa da 'yar ƙaramar sifika.

Maman Ilham: Ban taɓa kawo zancen murya a raina ba.

Baban Walid: Anti Larai ta yi gaskiya. Bari in ƙara da na ido. A falo zaune ake, ana fuskantar allo. A kicin tsaye kike, yanzu kina dama, an jima kina hagu, wani lokaci kina kan kujera 'yar tsugunno kina kallon sa daga ƙasa. Wasu ƙananan talabijin in aka kalle su daga gefe launin sai ya koɗe, daga ƙasa kuma fuskokin mutane su yi baƙi. Masu allon da ake kira IPS sun fi riƙe launi daga gefe. Amma ba kowane kwali ne yake rubutawa ba, mai shago ma ba lallai ya sani ba. Gwajin mai sauƙi ne: a kunna, ki matsa gefe sosai, sannan ki rusuna ki kalle shi daga ƙasa. Abin da kika gani shi za ki samu a gida.

Ƙarfen kafawa kuma a sayi mai hannu, wanda ake jawowa a juya shi, a ɗan sunkuyar da shi. A duba ramukan noti huɗu da ke bayan talabijin, a ƙanana tazararsu yawanci milimita 75 ce ko 100, ƙarfen ya dace da su. A bar sarari tsakaninsa da bango da kuma samansa, kada a cusa shi cikin kabad.

Inna ta Gwarzo: Ni madafina a tsakar gida yake, da icce da gawayi muke yi. Jikana ya ce zai kawo mini ƙarami. Ya halatta a sa a can?

Baban Walid: Inna, ki yi haƙuri, a nan kam a'a. Hayaƙin icce da kunkunniya da toka ba za su bar shi ya yi shekara ba, ga feshin ruwa da damina. Ya kafa miki a ɗaki ko a rumfa, madafi kuma ya saya miki rediyo mai caji.

Hajiya Babba: Kun ji ko.

Inna ta Gwarzo: To Allah ya yi albarka, ɗana. Haka za a yi.

Maman Nafisa Damagaram: Sallama daga Damagaram. Mu nan abin da muke dubawa kafin komai shi ne kuran, wato wutar lantarki, don lokacin zafi ana yawan ɗaukewa. Tele ɗin da ke madafina mai aiki da batir ne kai tsaye, volt 12, da pano ɗaya na sola a kan soro. Ba ya bi ta inbata, saboda haka ba a asarar wuta a tsakani. Ina kallon Télé Sahel da tashoshin Hausa na Najeriya ta parabol, wato dish. Maman Ilham, in kuna da sola a gida, ƙarami shi ne alheri.

Baban Walid: Haka ne Maman Nafisa. Mai inci 24 na LED wajen wat 25 zuwa 35 yake ja. A ce 30, a kunna awa 5 a rana, wat-awa 150 ke nan a rana, a wata bai kai yunit 5 ba. Mai 43 yana iya ninka wannan har ya wuce. Ana rubuta adadin a takardar da ke manne a bayansa, a karanta kafin a biya. Kuma a haɗa shi da na'urar kariya mai jinkirta wuta, wadda in an kawo wuta take dakatawa kaɗan kafin ta sake ta. Dawowar wuta da ƙarfi tana kashe talabijin fiye da ɗaukewarta.

Injiniya Maryam: Tunda an zo kan wuta, ina roƙon a saurare ni, don wannan ya fi zaɓin talabijin muhimmanci. Kada a ja waya mai kawuna da yawa a bi da ita ta kan kanta ko bayan gas. A kira mai aikin wuta ya fitar da soket na musamman a sama, bayan talabijin, da wayar ƙasa mai kyau, wato ta kariya daga jan wuta, nesa da famfo. Wayar eriya ko ta dish ita ma a bi da ita ta sama, a ɗaure.

Sannan gas. Iskar gas ɗin girki ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, in tana yoyo ƙasa take taruwa. Kika shigo kika ji warinta, kada ki kunna talabijin, kada ki kashe, kada ki taɓa makunnin fitila ko soket. Ɗan tartsatsin da ke fita lokacin dannawa ya isa. Ki rufe kan tukunyar gas, ki buɗe taga da ƙofa, ki fitar da yara. Ina faɗin haka ne don in aka saba shiga kicin ana danna makunni tun kafin a lura da komai, hannu yakan riga hanci.

Da jiƙaƙƙen hannu kuma ba a taɓa filogi. Rimot a sa shi a farar leda a ɗaure, in ta yi datti a canza.

Hajiya Babba: Allah ya yi miki albarka, Maryam. Irin wannan nake tsoro tun farko.

Abu Fahad: Na janye zancen 4K, amma ina nan a kan a guji jabu. A Sabon Gari da Titin Beirut akwai masu gaskiya da yawa, akwai kuma kayan da aka manna wa sunan babban kamfani. A sa a buɗe kwali a gabanka, a kunna, a ga sunan da ke fitowa a allo in yana tashi, a gwada lambar da ke bayansa da ta jikin kwali da ta takardar garanti. A karɓi rasit mai sunan shago.

Ummu Sudais: Na hannu fa, irin waɗanda ake kawowa daga waje? Tunda an ce kada a kashe kuɗi da yawa.

Baban Walid: Ana dacewa, amma a duba daga ina ya fito. Na Amurka da yawansu wutar volt 120 aka yi su da ita, tamu kuwa 230 ce, in aka soka kai tsaye an gama. Ko wanda ya karɓi wutar ma, tsarin kama tasharsa daban ne da namu, sai dai a bi ta dikoda. Na Ingila da sauran Turai wutarsu ɗaya da tamu. A sa hoto fari fes a duba ko akwai tabo ko wani ɓangare mai duhu, alamar fitilun sun fara gajiya ke nan.

Maman Ilham: To ta ina tashoshi za su zo? Dikodarmu tana falo. Ni Arewa24 da Sunna TV da ARTV nake so, sai tashar Harami.

Baban Walid: Hanya ta fi ɗaya. In dish ɗin kyauta gare ku, a canza kan da ke gabansa a sa mai baki biyu, a ja waya ta biyu zuwa kicin. Wasu talabijin suna da abin kama tauraron ɗan'adam a cikinsu, za ki ga DVB-S2 a kwali, waɗannan ba sa buƙatar wata dikoda, kin huta da ƙarin kaya da ƙarin waya a wurin maiƙo. In babu, akwai ƙananan dikoda da ake ɓoyewa a bayansa. In kuma raba hoton dikodar falo aka yi, ki sani abin da ake kallo a falo shi za ki gani, in yara suka juya zuwa katun ke ma katun ɗin ne. Na eriya kuma a nemi mai DVB-T2, don Najeriya tana komawa tsarin dijital, an fara da Jos a 2016, aka ƙaddamar a Kano a 2021. Wadda za ki samu a dish da wadda sai ta eriya, mai haɗa dish na unguwarku zai tantance miki, ki ba shi sunayen tashoshin tun kafin ya hau sama.

Maman Ilham: Na auna yanzu. Gas yana ƙarƙashin taga, wurin wanke-wanke yana damansa. Bangon da ke kusa da ƙofa babu komai, daga can zuwa gas mita biyu da rabi. Sai dai firji yana gefen.

Baban Walid: Wannan bangon ya yi. Kada dai a ɗora shi a kan firjin, bayansa zafi yake fitarwa, ga girgiza duk lokacin da aka buɗe aka rufe. A kafa shi ɗan sama da tsayin idonki in kina tsaye, a sunkuyar kaɗan. Da yake yana fuskantar taga, ki duba da rana ko haske yana faɗowa a fuskar, in haka ne mai hannun zai ba ki damar kautar da shi.

Hajiya Babba: Wato in tana gaban wuta, baya za ta ba shi.

Baban Walid: Ƙwarai, Hajiya. Kuma akwai abin da zai ƙara kwantar miki da hankali. Talabijin da yawa suna da wurin da ake kashe hoto a bar murya kaɗai, yana cikin saitin hoto ko na tanadin wuta. In za ta yi suya ta danna shi, allon ya yi baƙi, malam yana ci gaba da karatu. Ta tambaya a shago a nuna mata ko wanda za ta ɗauka yana da shi.

Hajiya Babba: In da wannan sharaɗin ne, na sassauta. Maman Ilham, mai a kan wuta, hoto a kashe. Kuma kada yara su mayar miki da kicin wurin kallo, su taru kusa da ruwan zafi. In sun shigo don shi, a kashe su koma falo.

Maman Ilham: In sha Allah, Hajiya. Na ɗauka.

Anti Larai: Baban Walid, gugar fa? Na ga masu fesa ruwan wanke gilashi, wasu har da ruwan omo. Wata kuma ta ce leda take rufa masa gaba da baya saboda kyankyasai.

Baban Walid: Kada a fesa komai a fuskar kai tsaye, ruwan yana gangarawa ya shige ta ƙasan allon, daga nan sai layi-layi su fito, kuma gyaran allo ya kusa kuɗin sabo. A cire filogi, a bari ya huce, a samu ƙyalle mai laushi a ɗan jiƙa shi da ruwa zalla, a matse sosai, a shafa ba tare da dannawa ba, a bi da busasshe. Bayansa da ramukan a share su da busasshen buroshi duk mako, ranar da aka yi suya mai yawa kuma a goge a ranar kafin maiƙon ya daskare.

Rufi na yadi yana da amfani in an kashe shi ya huce. Amma yana aiki a lulluɓe da leda, an toshe masa numfashi ke nan. Kyankyasai kuwa ɗumi suke bi, kuma kashinsu da jikinsu suna haɗa wuta a kan allon ciki, na sha kwance talabijin in tarar da su. Maganinsu tsaftar kicin da kashe soket da dare don cikin ya yi sanyi. In za a yi feshin magani, a rufe talabijin tukuna, kada a fesa a cikin ramukan.

Maman Nafisa Damagaram: Tsaka fa, Malam? Mu ita ce take shige mana.

Baban Walid: Ta manyan ramuka take shiga, musamman inda wayoyi suke. A samu ragar sauro ta taga, a yanka daidai wurin, a manna gefunanta kaɗai da salatif. Iska za ta wuce, tsaka ba za ta wuce ba. Sai dai ragar tana tara maiƙo da sauri, a riƙa cire ta ana wankewa, a bari ta bushe sarai kafin a mayar.